Sarrafa Jijiya da Haske: Yadda Ake Yin Gwajin da Tsutsar Ƙuda a Ɗakin Gwajin Karkara

Ƙwayar jijiya ba ruwanta da haske, in ka cire waɗanda aka halitta domin gani. Amma idan aka dasa mata ƙwayar gadon wani furotin da ake samu a jikin gansakukar ruwa mai suna Chlamydomonas, da an haska ta da shuɗin haske sai wata ƙofa ta buɗe a fatarta, sinadarin sodiyam ya kwarara ciki, ta harba saƙo nan take. Sunan furotin ɗin Channelrhodopsin-2, ana taƙaita shi ChR2. Georg Nagel da Peter Hegemann da Ernst Bamberg ne suka bayyana aikinsa a Jamus a 2003, sannan a 2005 Edward Boyden da Karl Deisseroth da abokan aikinsu a Jami'ar Stanford ta Amurka suka nuna ana iya tayar da ƙwayar jijiya da shi a daidai lokacin da aka ga dama. Wannan fanni shi ake kira oftojenetik. Ɗaya ɓangaren aikin kuma kallo ne. Akwai furotin mai suna GCaMP, wanda Junichi Nakai ya fara ƙerawa a Japan a 2001, da yake ƙara walƙiya da koren haske duk sa'ad da kalsiyam ya shiga ƙwayar, wato duk sa'ad da take aiki.

Da ɓera ake yin yawancin wannan bincike a manyan jami'o'i: a fasa ƙoƙon kai, a yi allurar ƙwayar bairos mai ɗauke da ƙwayar gadon, a dasa siririn zaren gilashi, a jira mako biyu zuwa huɗu. Wannan ya fi ƙarfin ɗakin gwajin kwaleji a Gumel ko Bichi ko Kazaure. Abin da bai fi ƙarfinsa ba shi ne ɗan mitsitsin ƙudan nan mai jan ido da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro da tumatir, Drosophila. Tsutsarsa fara ce, haske na ratsa fatarta, babu tiyata, babu allura. Da ita wannan bayani zai tafi. Kuma tun yanzu malam ya sani cewa haɗa fitila shi ne mafi sauƙi a cikin aikin duka. Inda ake faɗuwa a ƙasarmu shi ne zafi, da abincin ƙudan, da rashin rukunin kwatance.

Samo ƙudan da takardunsa

Ƙudan da ka kamo a bayan kicin ba zai yi ba, domin ba ya ɗauke da ƙwayar gadon. Iri biyu kake bukata, ka haɗa su barbara. Tsarin ana kiransa GAL4 da UAS, Andrea Brand da Norbert Perrimon suka fito da shi a 1993, kuma kamar makulli da kwaɗo yake. Iri na farko yana ɗauke da makullin, GAL4, a cikin wasu zaɓaɓɓun ƙwayoyin jijiya kaɗai. Iri na biyu yana ɗauke da ChR2 ko GCaMP a kulle bayan UAS a duk jikinsa. 'Ya'yan da suka gaji duka biyun, a waɗancan zaɓaɓɓun ƙwayoyin ne kawai furotin zai fito.

Mai farawa ya nemi iri biyar ya tsaya: OK371-GAL4 na ƙwayoyin jijiyar da ke ba tsoka umarni, ppk-GAL4 na masu jin zafi da ciwo a fata, Mef2-GAL4 na tsoka, sai UAS-ChR2 da UAS-GCaMP6. In da hali a ƙara UAS-CsChrimson, mai amsa jan haske. Babbar ma'ajiyar waɗannan ire-ire tana Bloomington a Jihar Indiyana ta Amurka, amma kafin ka yi odar waje ka tuntuɓi masu kiwon ƙudan a gida, irin cibiyar bincike da horarwa kan Drosophila da ke Ibadan. Kowace hanya ka bi, ka shirya su iso a Disamba ko Janairu. Kwalbar da ta yini a bayan mota tsakanin Kano da Haɗejia a watan Afrilu, gawa za ka sauke.

Waɗannan ƙudaje an sauya musu ƙwayar gado, saboda haka suna ƙarƙashin dokar 2015 da ta kafa hukumar NBMA mai kula da irin waɗannan halittu a Najeriya. A nemi izininta ta hannun kwamitin makaranta kafin a shigo da ko kwalba ɗaya. Tagogin ɗakin su samu raga mai ƙananan idanu, domin ragar sauro ta gama-gari wannan ƙuda na iya ratsa ta. Ƙudan da aka gama da shi a zuba shi a kwalbar etanol, tsofaffin kwalaben abinci kuma su kwana a firiza ko a tafasa su kafin a wanke.

Zafi

A digiri 25, daga ƙwai zuwa babban ƙuda kwana 10 ne. A digiri 18 yakan kai kusan kwana 19. Da zafi ya zauna a digiri 30 zuwa sama, mazan kan daina haihuwa, irin ya ƙare a hannunka ba tare da ka ga wanda ya mutu ba: kwalba cike da ƙudaje masu yawo, amma babu tsutsa ko ɗaya a abincin. A bazara kuwa rana kan haura digiri 40 a Ringim ko Ɗambatta, ɗaki mai rufin kwano kuma ba ya saukowa da wuri.

Wanda ke da na'urar renon da ke sanyayawa da sola mai ɗaukarta dare da rana ya huta. Wanda ba shi da ita ya koma ga randa cikin randa, dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse, ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana kayan miya, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. A sami randuna biyu marasa fenti, ƙarama ta shiga babba da ratar yatsu biyu zuwa uku, a cika ratar da yashin rafi, a jiƙa shi sharkaf, a rufe baki da jiƙaƙƙen buhun algarara. A ajiye a inuwa inda iska ke wucewa, ana ƙara ruwa safe da yamma. Ruwan da ke tsatsafowa yana bushewa shi ke janye zafin, shi ya sa ta fi aiki a rani, a watan Agusta kuma da iska ta jiƙe sai ƙarfinta ya ragu. Kada ka yarda da ita don an ce maka tana aiki. Sa ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa a ciki na mako guda kafin ƙuda ya shiga. In tsakar rana tana wuce 28, canja mata wuri ko ka nemi babbar randa. Da hunturu abin juyawa yake: dare na iya yin sanyin da girman tsutsa zai ja baya, iska kuma ta busar da abinci har ya tsage ya rabu da jikin kwalba. A lokacin a bar yashi a bushe, a sa ɗan kofin ruwa a ciki saboda laima.

Randar tana da wani amfani na biyu, cikinta duhu ne, kuma za a ga dalilin son duhun nan gaba kaɗan.

Sauran abokan gaba sanannu ne. Kiyashi kan bi ta audugar bakin kwalba ya kwashe tsutsotsi, don haka ƙafafun teburi su tsaya cikin gwangwanayen ruwa. Maganin sauro, na fesawa ne ko na kunnawa ko ota-fiya-fiya, kada ya kusanci ɗakin, a kuma gaya wa mai shara da maigadi baki da baki, domin sanarwa a bango ba ta isa ba. Ƙudan mangwaro na waje kuma kan saka ƙwai a abincin da aka bari a buɗe yana hucewa, bayan wata biyu ka tarar irinka ya gauraye, ba ya amsa haske.

Abinci da retinal

Ga lita ɗaya ta ruwa: garin aga, mai sa abincin ya daskare, giram 10, garin masara mai laushi giram 60, sukari giram 50, busasshen yis na burodi giram 25. A fara narkar da garin aga a ruwan yana tafasa, a dama sauran da ɗan ruwan sanyi kada su yi gudaji, a zuba, a bar shi a kan wuta kaɗan-kaɗan minti 10 ana juyawa domin yis ɗin ya mutu. In bai mutu ba abincin zai kumbura, iska ta turo shi sama ya danne ƙudaje. A sauke, in ya huce zuwa kamar digiri 60 a zuba maganin fumfuna: mililita 15 na nifajin da aka narkar kashi 10 cikin ɗari a etanol, da mililita 4 na asid ɗin furofiyonik. Kowace kwalba ta samu mililita 10, a lulluɓe su da yadi mai tsabta su daskare, sannan a toshe da auduga. Masarar a tabbata ba wadda aka zuba wa maganin ƙwari a rumbu ba ce. Wannan kuskure ɗaya kan kashe iri gaba ɗaya, mutum yana can yana zargin zafi.

ChR2 da kansa makaho ne. Sai ya riƙe wani ɗan sinadari ɗan uwan bitamin A, mai suna retinal, nau'in da ake rubuta wa ATR a jikin kwalba, sannan yake jin haske. Ƙwaƙwalwar ɓera tana da isasshe, ta ƙuda ba ta da shi, dole a ba shi a abinci. Miligiram 100 na garin a cikin mililita 3.5 na tsantsar etanol yana ba da ƙarfin milimola 100. A raba shi nan take cikin ƙananan bututai, maikurolita 100 kowanne, a naɗe da takardar alminiyon, a sa a firiza. Haske da iska da zafi duk suna lalata shi, kuma bututun da ake buɗewa kullum shi ke fara mutuwa, dalilin rabawar ke nan. Firijin rigakafi na asibitin gari ba wurin ajiyarsa ba ne, ko da ma'aikacin abokinka ne. Maikurolita 50 a cikin mililita 10 na abinci yana ba da rabin milimola, wanda ya ishi tsutsa. A zuba shi abincin na da ɗumi bai daskare ba, wajen digiri 50, a juya sosai, a ɗakin da aka rage wa haske. A kuma yi wasu kwalaben da aka zuba wa etanol zalla maikurolita 50, su ne na kwatance. Ƙwayar bitamin A ta kemis ba ta maye gurbinsa.

Barbara

Macen ƙuda tana ajiye maniyyin namijin da ya fara hawanta, don haka dole a samu wadda ba a taɓa barbararta ba. Da sassafe a juye duk manyan ƙudaje daga kwalbar iri, a dawo kafin awa 6 su cika a kwashi waɗanda suka fito. A digiri 25 mace ba ta karɓar namiji a awa 8 na farko, amma a ɗakin da ya fi haka zafi lokacin raguwa yake. Sabuwar fitowa jikinta fari-fari ne, cikinta a kumbure, da ɗigon baƙi a gefensa. Namiji ya fi ƙanƙanta, ƙarshen cikinsa baƙi ne a dunƙule, yana da ɗan baƙin tsefe a ƙafafun gaba. Don a tantance su sai a sumar da su da sanyi: a juye su a kwalbar da babu abinci, a nutsa ta cikin ƙanƙara minti biyu zuwa uku, a zube su a kan farantin ƙarfe da ke bisa ƙanƙara an shimfiɗa masa busasshiyar takarda. In babu takardar raɓa za ta manne musu fukafukai. Da ɗan buroshi mai laushi ake tura su.

Mata 8 na iri ɗaya da maza 4 na ɗayan a kwalbar retinal, haka kuma a kwalbar etanol zalla. A rubuta kwanan wata, a naɗe, a sa a randa. Bayan kwana 2 a fitar da iyayen. A kwana na 4 zuwa na 5 tsutsotsi sun kai mataki na uku, tsawonsu milimita 3 zuwa 4, lokacin gwaji ke nan. Wadda ta hau jikin kwalba ta tsaya cik ta kusa ƙullewa cikin kwansonta, a bar ta.

Akwai tarko a nan. Wasu ire-iren suna zuwa da alamar riƙo, irin CyO mai sa fiffike ya nannaɗe sama, ko TM6B mai sa tsutsa ta zama gajeriya mai kauri. In uba ko uwa na da irin wannan alama, rabin 'ya'yan ba su gaji abin da kake so ba. Gajerun tsutsotsin TM6B a ware su a zubar. CyO kuwa ba a ganinsa a tsutsa, saboda haka ko dai ka zaɓi iyaye masu miƙaƙƙen fiffike, ko ka san cewa rabin tsutsotsinka ba za su motsa ba, kuma ba laifin fitila ba ne.

Fitilar

ChR2 ya fi jin shuɗin haske mai zangon nanomita 470. A sami ƙwan LED shuɗi mai wat 1, irin wanda ke kan ɗan faifan alminiyon, ana samunsa da sauran kayan a wajen masu sayar da kayan lantarki a Sabon Gari. Yana cin miliamfiya 350 a kan kusan bolt 3.2. In da fawa banki mai bolt 5 za a kunna shi, ragowar bolt 1.8 a raba da 0.35 ya ba da om 5 da ɗoriya, don haka a sa rezista mai om 5.6, mai ɗaukar wat 2. Ƙaramar rezista ta cikin rediyo ƙonewa za ta yi. Jan LED mai nanomita 625 na CsChrimson yana tsayawa wajen bolt 2.2, nasa om 8.2 ne. A ɗaure ƙwan a kan guntun alminiyon mai kauri ya sha zafin, in ba haka ba haskensa zai riƙa dusashewa ana cikin gwaji ba ka lura ba.

Makunnin hannu ya isa ranar farko. Don lokaci ya zama daidai sai a sa Arduino, ɗan allon lantarki da ake tsara wa lokacin kunnawa da kashewa, amma ƙafarsa miliamfiya 20 kawai aka so ta bayar, ba ta ɗaukar ƙwan kai tsaye. A sa tiranzista IRLZ44N a tsakani: ƙafar Arduino ta 9 ta bi ta rezista mai om 220 zuwa ƙofar tiranzistar, wata mai om 10,000 ta haɗa ƙofar da layin ƙasa don kada fitila ta kunna kanta, ƙwan da rezistarsa su zauna tsakanin bolt 5 da ƙafar tsakiya ta tiranzistar. Wasu fawa bankin kan kashe kansu in abin da ake ja ya yi kaɗan, wato daidai lokacin hutu tsakanin haskawa biyu. A gwada wannan kafin a ɗauko tsutsa.

Ƙwan da aka bari tsirara watsa haskensa yake ko'ina, abin da ke isa tsutsar bai kai ba. ChR2 na bukatar wajen kashi ɗaya cikin goma na miliwat zuwa miliwat guda a kan kowace murabba'in milimita. A sa gilashin tattara haske, ko a juya gilashin ido na tsohon madubin likita a gaban ƙwan, a matso har hasken ya zama da'ira mai faɗin santimita ɗaya. Manhajar auna haske ta waya ba ta da amfani a nan, domin da idon mutum aka daidaita ta, shi kuwa ido rage wa shuɗi daraja yake. In babu ma'aunin ƙarfin haske, ɗan fotodayod BPW34 da aka jona da mita a ma'aunin maikuro'amfiya zai nuna maka ko hasken yau daidai yake da na jiya. Kada a kalli ƙwan kai tsaye, ɗalibai ma a hana su.

Ranar gwaji

A debo cokali ɗaya na saman abincin a zuba a ruwan sukari, giram 20 a mililita 100. Tsutsotsi za su taso sama. A ɗauke su da buroshi, a ɗauraye a ruwa, a ɗora ɗaya a kan farantin da aka daskarar da aga kashi 1 cikin ɗari. A busasshen wuri tsutsa ba ta tafiya. Ɗakin ya zama duhu, ana gani da tocila da aka rufe wa baki da jar leda, tunda ja ba ya taɓa ChR2. A ba ta minti ɗaya ta kama tafiya, a soma ɗaukar bidiyo, a haska daƙiƙa 2, a huta daƙiƙa 30.

Tsutsar OK371 mai ChR2 da ta ci retinal, da haske ya sauka duk tsokokinta za su ɗaure lokaci guda. Za ta gajarce, ta yi kauri, ta sandare, bakinta ya shige ciki. Da an kashe sai ta saki jiki, ta ɗan yi jim, ta ci gaba da rarrafe. Ta ppk kuwa lanƙwashewa take ta yi ta birgima gefe, irin birgimar da take yi in zanzaron da ke saka ƙwai a jikinta ya soke ta. Daga bidiyon ake auna tsawon jiki kafin haske da lokacin haske, ko a ƙirga nawa suka yi birgima cikin nawa.

Yanzu ga abin da ke raba gwaji da wasa. Tsutsa ko ba a dasa mata komai ba tana ƙin shuɗin haske, tana da 'yan idanu a kai, fatarta ma na jin sa. Za ta tsaya, ta juya kai, ta canja hanya. Mai ɗoki zai ga haka ya ce ya sarrafa jijiya. Shi ya sa duk abin da aka yi wa tsutsar retinal sai a yi wa 'yar uwarta ta kwalbar etanol, da kuma 'ya'yan kowane iri shi kaɗai da aka ciyar da retinal, a rana ɗaya, da fitila ɗaya, a nisa ɗaya. Kowane rukuni aƙalla tsutsa 15. Wani ya rufe sunayen faranti da lambobi, mai ƙirga kada ya san wanne ne wanne sai an gama.

Zafi ma yana shigowa ta nan. Abu mai zafin digiri 40 zuwa sama in ya taɓa tsutsa birgima take, ba tare da wani ChR2 ba. A ɗakin da ya riga ya kai 36 da azahar, haske mai ƙarfi da aka tattara wuri ɗaya na iya cike ragowar. A ɗora kan ma'aunin zafi a kan aga, a haska daƙiƙa 10, a ga ko ya motsa. In ya hau fiye da digiri ɗaya a rage haske ko a gajarta lokaci. A bazara gwajin bayan sallar asuba ne, kafin kwano ya ɗau rana.

In babu amsa sam, a bi dalilai daga mai sauƙi: retinal ya lalace ko kwalba ta sha haske, mace ta riga ta yi barbara, tsutsar mai alamar riƙo ce, haske bai tattaru ba. In amsa ta zo da farko sannan ta riƙa raguwa, haskawar ta yi tsawo ko hutun ya yi kaɗan, domin furotin ɗin kan gaji, ƙwayar jijiyar da aka danne da haske ba sassauci kuma takan daina harbawa. A koma walƙiya gajeru, milisakan 10 sau 20 a daƙiƙa.

CsChrimson, wanda aka bayyana a 2014, ya fi ChR2 jin haske nesa ba kusa ba, kuma jan haske ya fi ratsa jiki, babban ƙuda ma yana amsawa. Wani ɗan uwansa, ChrimsonR, shi aka sa a idon wani makaho a Faransa har aka ba da rahoto a 2021 cewa ya fara gane abubuwa a kan teburi da taimakon tabarau na musamman. Sai dai jin hasken nasa shi ne wahalarsa. Hasken taga, da fuskar waya, da jar tocilar nan duk suna tayar da shi. Da shi sai a yi kallo da hasken da ido ba ya gani, mai nanomita 850, kuma kyamarar tsaro ta CCTV mai ganin dare tana da wannan fitila a jikinta.

Kallon aikin jijiya

GCaMP yana shan shuɗi wajen nanomita 480, ya mayar da kore wajen 510. Koren rauni gare shi, shuɗin kuma ya ninka shi sau dubbai, don haka aikin duka na matatan haske ne. Ɗaya a gaban kyamara, rawaya, mai tare duk abin da ke ƙasa da nanomita 510. Ɗaya a gaban fitila, mai yanke abin da ya haura 490, domin shuɗin LED yana da ɗan jelar kore da ke ratsa rawayan ya wanke hoton. Mutane kan manta da na biyun su yi ta ƙara haske, hoto kuma sai ƙara fari yake. Ledar rawaya irin ta fitilun dandali za ta nuna tsoka, amma ƙwaƙwalwa sai matacin gilashi na gaske.

A fara da tsoka, Mef2 da GCaMP6, kuma wannan ba ya bukatar retinal. A liƙa salatif ninki biyu a gefe biyu na gilashin madubin likita, a ɗiga ruwa a tsakani, a sa tsutsa, a rufe da siririn gilashi yadda za ta matsu ba ta fashe ba. Fitila ta haska daga gefe a karkace, a duba da gilashin da ke ƙara girma sau 4. Za a ga koren haske na bin jiki gaɓa-gaɓa daga wutsiya zuwa kai duk sa'ad da ta yi yunƙurin gaba. Hanjinta ma zai yi haske rawaya-rawaya saboda abincin da ke ciki, amma shi ba ya hawa ba ya sauka.

Kallon jijiya kanta sai an ciro ta. Ruwan da za ta zauna a ciki, a lita ɗaya ta tataccen ruwa: gishirin sodiyam kulorayid giram 7.9, fotasiyam kulorayid 0.37, kalsiyam kulorayid mai ruwa biyu 0.29, maganiziyam kulorayid mai ruwa shida 0.81, sinadarin TES mai riƙe pH 1.15, sukari 12.3, a daidaita pH wajen 7.2. Ruwan rijiya ko na leda ba zai yi ba, gishirin da ke cikinsa ba a san adadinsa ba. A sa tsutsar OK371 mai GCaMP6 a ɗigon ruwan, hantsaki ɗaya ya riƙe tsakiyar jiki, ɗaya ya kama baƙaƙen ƙugiyoyin baki, a ja a hankali. Ƙwaƙwalwa za ta biyo bakin: ƙwallaye biyu farare da wata 'yar jela a ƙasansu, wadda ita ce a matsayin laka. A cire tarkacen da ke kewaye ba tare da an taɓa jelar ba, a kwantar da ita a gilashin da aka shafa wa folilaisin don ta manne. Da gilashi mai ƙara girma sau 10, ko babu jiki, za a ga haske na tafiya a lakar daga baya zuwa gaba, wani lokaci daga gaba zuwa baya. Umarnin rarrafe ne take bayarwa, sai dai ya fi na tsutsa mai rai jinkiri sosai. A yi ɗauka cikin rabin awa na farko. Wadda ta yi haske gaba ɗaya ta tsaya a haka an ji mata rauni, kalsiyam ya cika ta, a ɗauko wata.

Kyamara a hana ta yin komai da kanta. A kulle buɗewar ido, da ISO, da daidaita launi, da saitin nisa, in ba haka ba duk lokacin da jijiya ta yi haske kyamara za ta rage shi, ta shafe abin da kake nema. Hoto 10 a daƙiƙa ya isa. Kada a rage hasken fitila ta hanyar kunna-kashe mai sauri na Arduino, zane-zane zai fito a hoton. A ƙara rezista ko a ja fitila baya. Fitila kuma a kunna ta lokacin ɗauka kawai, domin GCaMP koɗewa yake in ya daɗe a haske.

Lissafin da manhajar Fiji ake yi, kyauta ce, ba ta bukatar intanet bayan an sauke ta. A zana da'ira a kan gaɓa ɗaya ta laka, wata da'irar a wurin da babu nama, a fitar da matsakaicin haske na kowane hoto, a debe na biyu daga na farko. Sannan a debe hasken lokacin hutu daga na kowane hoto, a raba da hasken hutun. Misali, in hutu 40 ne, ƙololuwa 70, bango 10, to 60 a debe 30 a raba da 30, ya ba da 1, wato haske ya ninka. Wanda ya manta da bango 0.75 zai samu. In lamba ta kai 255 ta tsaya a hoto mai bit 8, kyamara ta cika, a rage haske a sake ɗauka. Motsi ma yana kawo hawa da saukar ƙarya, maganinsa a maimaita da tsutsa mai GFP zalla, furotin mai koren haske wanda ba ruwansa da kalsiyam: duk abin da ya motsa a nata layin ba aikin jijiya ba ne. A kuma tuna cewa kalsiyam ya fi saƙon lantarki jinkiri. Tudu ɗaya a zanen yana iya zama harbi da yawa da suka taru, ba za a ƙirga su ɗaya-ɗaya daga nan ba.

Mai son haɗa biyun, ya tayar da wasu ƙwayoyi yana kallon wasu, kada ya haɗa ChR2 da GCaMP, tunda shuɗin da zai yi kallo da shi zai riƙa tayar da jijiyar tun kafin ya taɓa makunni. CsChrimson ake haɗawa da GCaMP, a sa shi ƙarƙashin wani tsarin daban mai suna LexA don kada su fito a ƙwaya ɗaya, a sa matacin kore mai tare ja a gaban kyamara maimakon rawayan, a kuma rage shuɗin iyakar yadda hoto zai fito, domin CsChrimson ma yana ɗan jin shuɗi. Kafin a kunna ja, a ɗauki minti ɗaya da shuɗi kaɗai a tsutsar retinal da ta etanol. In ta retinal ta fi motsi, shuɗin ya yi yawa, a ƙara ragewa.